BATUREN TEXAS DA ƊAN ADAMAWA: WA YA GINA, WA YA ƊAUKI KOFI?

Ran Asabar 26 ga Yuli 2025, da dare, a birnin Rabat na ƙasar Maroko, 'yan matan Nijeriya suka ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na Afirka karo na 10. An tafi hutun rabin lokaci Maroko na da ci 2 mu muna nema, aka tashi muna da 3 suna da 2. Mutumin da ya tsaya a bakin layi a wannan dare yana ba da umurni, Justine Madugu, ɗan jihar Adamawa ne. To, daga nan fa gardama ta tashi, tun daga teburan masu shayi na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun har gidajen kallon ƙwallo na Sangere, can bakin ƙofar Jami'ar Modibbo Adama. Waɗansu suna cewa ga shi nan, ɗan gida ya yi cikin wata 10 abin da Bature ya kasa cikin shekara 4. Waɗansu kuwa suna cewa ai Madugu tuwo ya tarar a tuƙe, miya kurum ya zuba.

Baturen da ake magana shi ne Randy Waldrum, mutumin Amurka, wanda ya riƙe ƙungiyar Super Falcons daga Oktoba 2020 zuwa Satumba 2024. Da yawa daga cikin masu wannan gardama ba su san daga inda ya fito ba, alhali kuwa in ba a san wannan ba, ba a iya raba gardamar. Saboda haka bari mu bi sawunsa tun daga farko.

ƊAN WASAN DA ƘUNGIYOYINSA SUKA MUTU

An haifi Randy Waldrum ran 25 ga Satumba 1956 a garin Irving na jihar Texas. Wanda ya san Texas ya san ba ƙasar tamaula ba ce. Abin da suke kira ƙwallo can shi ne wannan da ake runguma a ƙirji a yi ta bangazar juna, kowa da hular kwano. Yaron da ya zaɓi irin tamu a wancan zamani, sai dai a ce sha'awa ce ta kai shi, don babu kuɗi a ciki, babu kuma suna.

Ya yi wasa a Jami'ar Midwestern State da ke Wichita Falls, sa'an nan ya shiga wasan kuɗi a ƙungiyoyi biyu, watau Los Angeles Skyhawks da Indianapolis Daredevils. Dukkansu suna cikin gasar da ake kira American Soccer League, wadda take ƙasa da babbar gasa ta NASL. Dattawa daga cikin masu karatu za su tuna NASL, don ita ce wadda Pele ya je cikin 1975 ya buga wa New York Cosmos, aka yi ta ruruta cewa nan da 'yan shekaru Amurka za ta mamaye duniyar ƙwallo. Ashe wutar kara ce. Ƙungiyoyin nan biyu da Waldrum ya buga wa, duk sun rufe bayan kakar 1979. Gasar tasu ta bi su cikin 1983, ita kanta NASL ba ta wuce 1984 ba. Daga nan har 1996 da aka soma MLS, Amurka ba ta da babbar gasar fili ta a zo a gani.

Saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, da ƙarfinsa, an rufe kasuwar da yake ci. Ina za shi? Sai ya koma ya ƙarasa digirinsa cikin 1981, ya kama koyar da yara ƙwallo a makarantar sakandaren da shi kansa ya yi, MacArthur, a garinsu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau: gidan ƙwallo a Amurka makaranta ce. Ko a wancan lokaci ma, samarinmu irin su Christian Nwokocha da Godwin Ogbueze da Taiwo Ogunjobi da suka tafi can, Jami'ar Clemson suka tafi, suna karatu suna wasa.

DOKAR DA TA BUƊE MASA ƘOFA

Cikin 1972 gwamnatin Amurka ta kafa wata doka da suke kira Title IX, watau Babi na Tara. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon fifita ɗa namiji a kan 'ya mace, kuma wasanni na ciki. To, ga inda gizo yake saƙa. A dā ƙwallon rungumar nan tasu ta maza tana cin guraben karatun kyauta har 85 a babbar jami'a guda. In ana so a daidaita, dole a nemo wasan mata da yake ɗaukar mutane da yawa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Tamaula kuwa fili take so da raga biyu da ƙwallo. Sai jami'o'i suka yi ta kafa ƙungiyoyin mata, suna neman masu koyarwa ido rufe.

Wannan igiyar ruwa ce ta ɗauki Waldrum. Ya koyar a Jami'ar Tulsa daga 1989 zuwa 1994, maza da mata duk a hannunsa. Cikin 1996 Jami'ar Baylor da ke Waco ta ba shi aikin kafa ƙungiyar mata daga tushe, babu 'yar wasa ko ɗaya, amma a shekara ta uku suka ci gasar yankinsu. Daga nan sai Jami'ar Notre Dame ta jihar Indiana ta ɗauke shi cikin 1999, ya zauna can har 2013. Nan ne sunansa ya fito. Sau 5 yana kai su wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar baki ɗaya, ya ɗauki kofi sau 2: cikin 2004 a kan UCLA da bugun fenariti, cikin 2010 kuma a kan Stanford da ci 1 da nema.

Da ya bar makaranta ya shiga wasan kuɗi na mata, ya zama kocin farko na Houston Dash cikin 2014, abin bai yi armashi ba. Har suka rabu cikin Mayu 2017 bai taɓa kai su zagayen neman kofi ba. A nawa ganin wannan ya nuna irin mutumin. Malami ne. A ba shi yarinya 'yar shekara 18 da shekara 4 na horo, ya san yadda zai yi da ita. Kasuwar manyan 'yan wasa kuwa, inda ake son sakamako yau-yau, ba nan ƙarfinsa yake ba.

DALA 500 A DALLAS

Akwai wani abu da ya faru cikin 2014 wanda da manyan hukumar ƙwallonmu sun karanta shi da kyau, da ba su yi mamakin abin da ya same su daga baya ba. A wannan shekara Waldrum ya karɓi ƙungiyar mata ta Trinidad da Tobago, ba tare da albashi ba. Cikin Oktoba 'yan wasan suka sauka a Dallas don shirin gasar neman shiga kofin duniya, hukumarsu ta sallamo su da dala 500 kacal, babu kayan horo, babu kuɗin mota. Bai rufe ɗaki ya yi ta waya da manya ba. Sai ya hau Twitter ya gaya wa duniya, ya nemi taimako. Jama'a suka yi karo-karo, har 'yan wasan Haiti, waɗanda su ma ba su da shi, suka miƙa ɗan abin da suka tara. Hukumar Trinidad ta ji kunya ƙwarai.

Saura ƙiris ya kai su kofin duniya. Ran 2 ga Disamba 2014 Ekwado ta jefa musu ƙwallo guda a mintin ƙarshe a gidansu, Port of Spain, shi ke nan. A farkon 2016 aka sallame shi.

YA ZO NIJERIYA DA ƘAFA ƊAYA

Tun cikin 2017 hukumar NFF ta ba da sanarwar ta ɗauke shi, amma maganar ba ta ƙullu ba, ya kama aiki a Jami'ar Pittsburgh, aka kawo Thomas Dennerby mutumin Suwidin. Sai cikin Oktoba 2020 aka daidaita, bisa sharaɗin zai riƙe aikinsa na jami'a. Nan ne babban aibin wannan ciniki yake, kuma masu sukarsa suna da gaskiya a kai. Kakar ƙwallon jami'o'in Amurka daga Agusta ce zuwa wajen Nuwamba, a wannan lokaci kuwa hankalinsa na can. Bai zauna a ƙasar nan ba balle ya riƙa zagawa filaye yana kallon gasar gida. Mai kiwon da yake leƙa garke sau uku a shekara, ba zai san ɗan maraƙin da aka haifa jiya ba.

Abin da ya sani kuwa shi ne 'ya'yan 'yan Nijeriya da suka tashi a waje. A zamaninsa ne Michelle Alozie, wadda ta yi Jami'ar Yale, ta sa rigar Nijeriya. Haka Ifeoma Onumonu da Toni Payne, da Esther Okoronkwo wadda ta girma a Texas, da Jennifer Echegini, da Ashleigh Plumptre daga Ingila. An yi ta gunaguni a lokacin cewa ana tauye 'yan gida.

Farkon bai yi daɗi ba. Mutanen Ikko sun gani da idonsu cikin Satumba 2021, sa'ad da Afirka ta Kudu ta zo har Onikan ta yi mana 4 da 2 a gasar kofin Aisha Buhari. A kofin Afirka na 2022 a Maroko, suka sake cin mu 2 da 1 a wasan farko. A wasan kusa da na ƙarshe da masu masauki, gaban 'yan kallo fiye da 45,000, aka ba Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, jan kati, aka ƙara ba Rasheedat Ajibade. Mutum 9 suka riƙe 11 har ƙarin lokaci ya ƙare 1 da 1, sa'an nan muka faɗi a bugun fenariti. 'Yan wasa suka ƙi fita horo saboda bashin alawus, Zambiya kuma ta ƙwace na uku. Nijeriya ta huɗu a Afirka! Ga ƙasar da ta saba ɗaukar kofin nan kamar gadonta, wannan abin kunya ne, ba a kuwa ɓoye masa ba.

HARSHE YA FITO

Ana saura 'yan makonni a soma kofin duniya na 2023, sai halin nan na Dallas ya motsa. A wata hira da aka yi da shi ta intanet, Waldrum ya ce an taɓa tara masa bashin albashin wata 14. Ya ce an soke zaman horon da aka shirya yi a Nijeriya kafin tafiya. Ya tambayi inda dala 960,000 da FIFA ta bayar don shiri ta shiga. Ya kuma yi zargin an hana mataimakiyarsa Lauren Gregg tafiya don ya ƙi sauya mai tsaron gida da aka ce ya sauya. Hukumar ba ta yi shiru ba. Kakakinta, Ademola Olajire, ya kira shi sarkin surutu, ya ce ba a taɓa yin kocin Falcons marar kirki kamarsa ba.

Kowa ya ɗauka an gama, za a je Ostareliya ne a sha kashi a dawo. Sai ga abin mamaki. Ran 21 ga Yuli a Melbourne suka yi canjaras da Kanada mai riƙe da zinariyar Olamfik, Chiamaka Nnadozie ta kaɗe fenaritin Christine Sinclair. Ran 27 ga wata, da misalin ƙarfe 11 na safe agogonmu, suka ci masu masauki 3 da 2 a Brisbane gaban mutum fiye da 49,000, Uchenna Kanu da Osinachi Ohale da Asisat Oshoala suka jefa. Suka yi canjaras da Ailan suka wuce. Ran 7 ga Agusta suka tsaya wa Ingila, zakarun Turai, minti 120 babu ci. Plumptre ta bugi ƙarfen raga, aka kori Lauren James don ta taka Alozie, amma a fenariti Ingila ta yi 4 muna da 2. Wasa 4, ƙwallo 2 kaɗai ta shiga ragarmu.

Me ya sauya? Tun tuni ƙarfi da gudu muke da su, da su muke tattake Afirka, amma in mun haɗu da Turawa sai su bar mu mu yi ta zabura, su bi ta ramukan da muka bari. Waldrum ya koya wa ƙungiyar zama wuri ɗaya. 'Yan baya huɗu ba sa rabuwa, Ayinde da Christy Ucheibe suna tare gabansu, kowa ta san inda za ta tsaya in ƙwallo ta kuɓuce. Aikin allo ne da maimaici, irin na malamin makaranta. Ba shi da daɗin kallo kullum, amma yana hana a yi wa mutum ruwan ƙwallaye.

Sai dai kada a zarce da yabo. Har a wannan gasa ba a kamo abin da marigayi Ismaila Mabo, mutumin Jos, tsohon ɗan wasan Mighty Jets, ya yi ba. Shi ne ya kai Falcons zagayen ƙungiyoyi 8 na ƙarshe cikin 1999, a Amurka ɗin ma, inda suka farke wa Brazil ci 3 kafin su faɗi 4 da 3 a ƙarin lokaci. Mabo ya rasu cikin Maris 2023, Allah ya jiƙansa.

Waldrum ya ƙara kai Nijeriya wasannin Olamfik na Faris cikin 2024, karo na farko tun 2008, bayan an fitar da Kamaru da Afirka ta Kudu. A can kuwa wasa 3 aka yi aka faɗi duka, a hannun Brazil da Sifen da Japan. Cikin Satumba ya ajiye aiki, ya ce rashin lafiyar maiɗakinsa ne dalili. Ya tafi bai ɗauki kofin Afirka ba.

BAƘO RAƁA, ƊAN GARI KABA

Duk wannan lokaci akwai wanda yake zaune a benci gefensa ba a cika ambatonsa ba. Justine Madugu ya daɗe a harkar ƙwallon mata, ya yi aiki da ƙungiyoyin jiharsa, Adamawa Queens da Adamawa United, ya kuma yi mataimaki a ƙungiyoyin ƙasa. Ko a ƙarshen 2023, sa'ad da Bature ba ya nan, shi ya ja ƙungiyar a wasannin Habasha da na Kef Bad, aka kuwa wuce lafiya.

Makarantar da shi ya yi daban take da ta Notre Dame. Ku da kuke hawa motar dare daga Ikko zuwa Yola kun san tsawon hanyar nan, kun san yadda ƙafa take kumbura kafin a ga gadar Numan. Haka ƙungiyoyin Adamawa suke zuwa wasa Kudu, a sauka a buga a juya. Cikin Fabrairu 2021 'yan bindiga suka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore, suna kan hanyar zuwa wasa da MFM a Ikko, suka yi musu fashi suka tafi da direba. Mai koyarwar da ya taso cikin irin wannan yanayi, ya san yadda ake lallashin ɗan wasan da ba a biya ba, ya san yadda ake magana da manya a samu abin da ake so ba tare da an ji a rediyo ba. Wannan ma ilmi ne, Waldrum kuwa bai taɓa samunsa ba.

Amma a dubi waɗanda suka ci ƙwallayen 2025. A wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, Alozie ce ta jefa ta nasara ana dab da tashi. A wasan ƙarshe Okoronkwo ta ci ta farko da fenariti, ta kuma ba da sauran biyun, Echegini ta rufe a minti na 88. Duk ukun nan jami'o'in Amurka suka yi, duk kuma a hannun Waldrum suka shigo. Ta tsakiyar kuwa, Folashade Ijamilusi, 'yar gida ce, ta fito daga FC Robo ta nan Ikko, inda Oshoala da Ajibade ma suka fito. Madugu ya saki ƙungiyar ta riƙa kai hari fiye da dā, shi ya sa Zambiya ta sha 5 da nema, kuma shi ne ya san abin da ya gaya musu a ɗakin hutu suna bin bashin ƙwallo 2. Mai cewa miya kurum ya zuba bai yi masa adalci ba. Mai cewa Bature bai yi kome ba shi ma ya duba sunayen nan.

INA 'YAN MATANMU?

Abin da ya fi damuna a cikin wannan lissafi shi ne, kocin namu ne, amma 'yan wasan da suka fito daga Arewa ba su taka kara sun karya ba. Na san abin da iyaye da yawa suke ji game da 'ya mace da guje-guje a fili, kuma ba wasa ba ne, magana ce ta tarbiyya da sutura. Amma tun 2014 dokar ƙwallo ta yarda a yi wasa da lulluɓi, kuma a kofin duniya na 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta, duniya na kallo. Uban da ba zai bar 'yarsa ta bi wani kulob zuwa garin da bai sani ba, mai yiwuwa ne ya bar ta ta yi wasa a cikin makarantarta, a hannun malamanta, in ya san wasan ne zai biya mata kuɗin karatu.

Garuruwan da Waldrum ya yi suna a cikinsu, irin su Waco, garuruwan jami'a ne. Sangere ma jami'a ce ta raya ta, tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola cikin 1981, wadda ta zama Modibbo Adama. Ɗalibai sun cika unguwar, ga fili Allah ya hore, ga Dandalin Ribadu a Jimeta ba nisa, ga Jami'ar Amurka ta Nijeriya a cikin Yola. Akwai wasannin jami'o'i na NUGA, amma biki ne na 'yan kwanaki, a watse sai wani lokaci. Babu gasar da ake yi mako-mako, ba a kuma saba ba yarinya gurbin karatu don ƙafarta ba. Shi ya sa Deborah Abiodun, yarinyar da Waldrum ya gani a Rivers Angels ya kai kofin duniya, da ta tashi haɗa karatu da wasa cikin 2023, Pittsburgh ta tafi. A shekarar nan kuwa jami'ar ta kai zagayen ƙungiyoyi 8 na ƙarshe a karon farko a tarihinta.

Da aka dawo da kofi, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar kyautar dala 100,000 ga kowace 'yar wasa da dala 50,000 ga kowane mai horarwa, da gidaje da lambar girma ta OON. Gwamna Ahmadu Fintiri ya karɓi Madugu a Yola ya ba shi gida da naira miliyan 50. Masu shirya kyautar Ballon d'Or kuma suka sa sunansa cikin mutum 5 da za a zaɓi gwarzon kocin mata na duniya daga cikinsu. Da aka yi bikin a Faris cikin Satumba 2025, Sarina Wiegman ta Ingila aka ba, watau matar nan da 'yan wasanta suka fitar da ƙungiyar Waldrum da bugun fenariti a Brisbane.